Goshinta Ya Yi Sanyi

A gidan surukata, Doña Eduviges, wadda muke kira Doña Vige, yaro ba ya cewa ba shi da lafiya. Leɓenta ne ke cewa. Kullum da safe tana zaune a bakin ƙofa gaban keken ɗinkinta, duk jikan da zai fita sai ya sunkuya ta ɗora leɓe a goshinsa. In ta ce da zafi, ya koma ya kwanta. In ta ce da sanyi, ko rarrafe yake yi sai ya ɗauki jakarsa. Haka ta raini nata 'ya'yan, in ji ta, babu wanda ya mutu, babu wanda ya tashi malalaci.

Ni Ondina, matar autanta Rigo. A ɗakin baya muke zaune, ni da shi da 'yarmu Dilcia. Shi yana tuƙa babur mai ƙafa uku, ni kuma ina gasa tortiya, wato gurasar masara, a rumfar wata mata a kasuwar El Progreso, daga asuba zuwa azahar.

Dilcia shekararta goma a waccan shekarar. Makarantarsu ta zaɓe ta ta shiga gaban 'yan mata masu juya sanda a macin ranar 'yancin kai, sha biyar ga Satumba. Tun watan Agusta ganguna suka hana unguwa sakat. Doña Vige da hannunta ta ɗinka mata kayan, jar riga mai geza ruwan zinariya, ta rataye a falo inda duk mai wucewa zai hango ta taga. Musamman maƙwabciyarmu Doña Amparo, wadda jikarta ce ta biyu a layi, a bayan Dilcia.

Saura mako guda a yi macin, Dilcia ta dawo daga makaranta ta jefar da jaka ta kwanta a ƙasa kan siminti.

"Mami, bayan idona ke ciwo. Ƙasusuwana kamar an daka."

Na taɓa wuyanta, na ji kamar kaskon da nake gashi a kai. Da gari ya waye na ce ba za ta je ba. Doña Vige ta ce a kawo mata ita. Ta ɗora leɓe, ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Ɗumi ne kawai. Ɗumin barci."

"Doña Vige, jikin nan wuta ne."

"Ke da kike wuni a gaban murhu, hannunki zai gane zafi? Komai kika taɓa wuta ne. Sarauniyata, zo nan, buɗe baki."

Ta ba ta ƙwayar ciwon kai irin ta kantin kwanar layi, da shayin ganyen lemo, ta gyara mata kwalar riga, ta tura ta. Na tafi kasuwa, amma tortiyar ranar rabi duk ta ƙone. Kowace yarinya mai farar riga ta gifta sai na ɗaga kai.

Washegari ko leɓen ya kasa ƙaryatawa. Dilcia tana rawar ɗari, haƙoranta na haɗuwa. Aka bar ta a gida. Na tare Rigo yana goge babur.

"Mu kai ta asibiti. Ka ga masu feshin maganin sauro sun zo layin baya shekaranjiya. An ce denge, zazzaɓin nan da sauro ke kawowa, ya kwantar da yara a can."

Kafin ya buɗe baki uwarsa ta amsa daga bakin ƙofa.

"Denge! Yanzu kowa ya yi atishawa sai a ce denge. A zamaninmu sauro cizo yake yi, a sosa a wuce. Likitar tortiya ta gano cuta!"

Rigo ya yi dariya, irin dariyar da yake yi in ba ya son faɗa. "Ondi, kin san layin asibitin nan. Ki je da asuba ki dawo da la'asar, a ce ki ba ta ruwa da ƙwayar da Mama ta riga ta ba ta. Makon nan ne fa ake samun fasinja. Mu ga gobe."

Goben ta zo, ya ce mu ga jibi.

Ana cikin haka malamarsu, Malama Zoila, ta aiko da saƙo a waya. Ba tambayar jikin yarinya ta yi ba. Ta ce duk wadda ta ƙara fashin gwaji a makon ƙarshe za a mayar da ita baya, wata ta shiga gaba, don ba za ta ji kunya a gaban shugabar makaranta ba. Doña Vige ta sa aka karanta mata saƙon har sau biyu. Ta leƙa ta taga wajen gidan Doña Amparo, ta ja tsaki.

"Waccan 'yar mai ƙafa kamar ta agwagwa ce za ta shiga gaba? Ina raye?"

Daga nan ta hana Dilcia sukuni. Kowane lokaci tana ɗakinmu, leɓe a goshi. "Tashi ki zauna, kwanciya ke ƙara ciwo. Juya min sandar nan ko sau ɗaya, hannu ya tuna." Yarinya ta ɗaga sandar, ta kuɓuce mata ta faɗi a kan gado. Ni kuma na kasa zama. In shiga ɗaki, in fita tsakar gida, in kifar da duk wani gwangwani mai ruwa, in dawo in jiƙa tsumma. Na roƙi uwar ɗakina ta kasuwa ta ba ni safiya guda, na ce ko Rigo ya yarda ko bai yarda ba, zan saɓa 'yata in shiga bas.

To a safiyar da na shirya ne zazzaɓin ya sauka.

Doña Vige ta ɗora leɓe, ta ɗago tana tafi. "Sanyi ƙalau! Rigo, zo ka ji! Na gaya muku mura ce. Budurwa Maryamu ta ji addu'ata."

Na taɓa. Gaskiya ne, goshin da sanyi. Amma hannuwanta ma da sanyi, wani irin sanyi mai danshi kamar na kifi. Idanunta sun faɗa. Na kawo mata wake da soyayyar agada, abin da ta fi so, ta kau da kai.

"Duk da haka zan kai ta," na ce. "Ba ta yi min daidai ba."

"Ki kai ta ki ce me? Likita, ga 'yata, ta warke, ka duba min dalili? Za su kore ki da tsintsiya. A gidan nan in goshi ya yi sanyi, makaranta ake tafiya. Ko a ƙauyenku kwanciya ake yi har a tsufa, shi ya sa ko aji uku ba ki gama ba?"

Dilcia ta kama hannuna. "Mami, bari in je. Za su ba wa Yesenia gaba." Yesenia ita ce jikar Doña Amparo.

Rigo ya ce, "Kin ji da bakinta."

Uku suka taru a kaina, a gidan da ko ƙusa ba tawa ba ce. Na raka ta makaranta da kaina, muna tafiya muna tsayawa. Na sami Malama Zoila a bakin aji, da usur rataye a wuya.

"Malama, don Allah kar ki tsayar da ita a rana. Yau-yau ta tashi daga zazzaɓi."

"Uwar Dilcia, a inuwa ake maci? Ku iyaye ku ke lalata yaran nan. In ta yi gumi ma sai ta fi jin daɗin jikinta." Ta hura usur, maganar ta ƙare.

Da azahar Dilcia ta dawo a duƙe, hannu biyu a ciki. Ruwan da na ba ta bai zauna ba, ta amayar a bakin rariya. Na sake ba ta, ta sake amayarwa. Doña Vige ta taso daga keken ɗinki, ta danna cikin da yatsa, yarinya ta yi ƙara.

"Na gane. Abinci ne ya manne mata a hanji. Kwana nawa tana kwance ba motsi, kina ɗura mata romo? Ɗauko min man kaza a kicin."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan. In aka ce abinci ya manne, sai a kwantar da yaro a shafa mai, a murza cikin da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, a murza hannuwa, sannan a kifa shi a ja fatar baya har ta yi ƙara ƙas. Ni ma an yi min ina ƙarama. Doña Vige kuwa ta yi suna a kai, har daga wasu unguwanni ake kawo mata jarirai.

Ta naɗe hannun riga ta fara. Dilcia ta cije leɓe, sannan ta kasa.

"Kaka, da zafi! Kaka, bari!"

"Inda ya fi zafi nan abin yake. Riƙe min ƙafarta, Ondina, kin tsaya kamar gunki."

Ban riƙe ba. Na ce ya isa. Ta ture ni da gwiwar hannu ta ci gaba. Da ta gama ta kifa ta, ta ja fatar bayan, ta saurara, ta ce ta ji ya saki. Zuwa la'asar duk inda yatsunta suka bi ya zama shuɗi-shuɗi, a ciki, a damtse, a baya, kamar an zane ta da bulala. Ga wasu ƙananan jajayen ɗigo a ƙafafunta. Na jawo Rigo ɗaki na ɗaga rigar.

"Dubi. Tausa na yin haka?"

Ya duba, na ga fuskarsa ta sauya. Ya fita ya kira uwarsa. Ta shigo tana goge hannu.

"To ba shi ke nan ba? Dattin ne ke fitowa ta fata. In bai fito ba ai tausar ba ta yi ba. Kai ma haka ka yi kana ɗan shekara shida, ga ka nan ƙato."

Ya sauke numfashi kamar an sauke masa buhu. Abin da yake so ya ji ke nan.

Da gari ya waye na ga jini a matashin kai. Ba mai yawa ba. Na buɗe bakinta, dasashinta duk ja. Na ɗauki matashin na fito da shi tsakar gida.

"Famfara ce," in ji Doña Vige, ko kallon kirki ba ta yi masa ba. "Shekarunta ke nan, turmin haƙori ke sauyawa. Kawo ta in ji." Ta ɗora leɓe. "Sanyi. Yau ne gwajin ƙarshe, da kaya za su yi, har da zagaya unguwa. Ta yi wanka."

Ban san inda muryar ta fito ba. Na tsaya a ƙofar ɗaki na ware hannuwa.

"Ba za ta fita ba. Ku kore ni in kun ga dama, amma da ita zan tafi, kuma asibiti za mu."

Doña Vige ta dubi ɗanta. "Ka ji abin da ka auro mana."

Rigo ya ja ni gefe, ya sassauta murya. "Ondi, shi ke nan, na ji. Daina ihu, maƙwabta na ji. Jiya ba ki je kasuwa ba, in yau ma ba a gan ki ba matar nan za ta ɗauki wata. Ruga ki gaya mata, ki dawo. Ni ina nan. Kina dawowa in ɗauke ku a babur mu tafi asibiti. Na rantse da kabarin babana."

Na shiga na durƙusa gaban gadon. Dilcia ta buɗe ido da ƙyar. Na ce, "Kar ki tashi, kin ji? Ko wa ya ce." Ta gyaɗa kai.

Da gudu na je, da gudu na dawo, ko zanen aikina ban kwance ba. Tun daga kwanar layi na ga babu babur a ƙofar gida. Na leƙa ta tagar falo, jar rigar ba ta nan. Gado babu kowa.

Doña Vige tana kan keken ɗinki, ƙafarta na tafiya.

"Ina 'yata?"

"Da kanta ta tashi. Na ce mata, sarauniyata, ga ganguna can sun fara, Yesenia ta sa kaya. Sai ga ta zaune. Na ba ta kofi mai ƙarfi da ƙwaya biyu. Ubanta ya kai ta har bakin makaranta, ko tafiyar ƙafa ba ta yi ba. Da kin ga yadda kayan suka zauna mata!"

Ban tsaya ba. Na bi ƙarar ganguna. Na shiga wannan layi, ƙarar ta koma wancan, na yanke ta bayan coci, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi. Rana ta riga ta buɗe sosai, ƙasa na tururin ruwan jiya. Ina dab da filin ƙwallo gangunan suka tsaya. Ba tare suka tsaya ba. Ɗaya bayan ɗaya, har saura ƙarama guda, ita ma ta yi shiru.

Yara sun yi da'ira a tsakiyar titi. Na kutsa. Tana kwance a kan kwalta, hular macinta ta gangara gefe, jini na fita ta hancinta. Malama Zoila tana yi mata fifita da kwali tana cewa, "Ku ba ta iska, rana ce, yanzu za ta farfaɗo."

Wani mai motar ɗaukar ayaba ne ya kai mu. A ƙaramin asibiti suna ganinta ba su ce mu bi layi ba. Suka sa mata ruwa a jijiya, suka sa mu a motar asibiti zuwa babban asibitin birnin San Pedro. A can wata likita ta ɗaga jar rigar ta ga shatar yatsu, ta dube ni.

"Yaushe zazzaɓin ya sauka?"

"Jiya da safe."

"Lokacin da ya sauka, lokacin ne denge ke fara ɓarna a ciki. Jiya ya kamata ta zo. Wa ya murza mata ciki? Wace ƙwaya aka ba ta?"

Na faɗa mata. Ba ta zage ni ba. Ta rufe ido kawai, ta juya ta kira a kawo jini.

Dilcia ta farka sau ɗaya, da yamma. Leɓɓanta sun bushe. Ta ce, "Mami, na yar da sandar a gaban mutane?"

Na ce, "A'a. Ba ki yar ba."

"Kar ki gaya wa Kaka na faɗi."

Ba ta ƙara magana ba. Washegari kafin azahar ta cika.

Ranar da muka binne ta aka yi macin. Daga maƙabarta muna jin ganguna a babban titi.

Sai uzuri ya fara zuwa, kowa da nasa. Malama Zoila ta zo da furanni da 'yan ajin, ta riƙe hannuna ta ce da an gaya mata yarinyar ba ta da lafiya da ba ta bari ta yi ko taku ɗaya ba. Rigo ya ce shi namiji ne, me ya sani game da ciwon yara, abin da mata suka ce shi ya bi. Na ce wace macen, mu biyu ne. Ya fita ya zauna a cikin babur.

A ranar addu'ar kwana tara falo ya cika. An shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ga kyandirori, ga hotonta, ga kofin ruwa da ake ajiye wa mamaci. Ina zagayawa da kofi da burodi, don na kasa zama wuri ɗaya. Doña Vige tana tsakiyar mata cikin baƙaƙen kaya, carbi a hannu, Doña Amparo na gefenta tana shafa mata baya. Na zo miƙa musu kofi na ji tana cewa:

"Ni na ce ta zauna a gida. Na ce, sarauniyata, maci ba ya wuce lafiya. Amma yaran yanzu, wa zai iya da su? Ta yi ta kuka sai ta je. Uwar kuma tana kasuwa, kun san halin neman abinci. Allah ne ya so ya ƙara mala'ika."

Mata suka ce, "Haka ne. Nufin Allah ne."

Na ajiye faranti a kan teburin. Ban ɗaga murya ba.

"Doña Vige, 'yata ba ta iya ɗaga kofin ruwa a safiyar nan, ba ita ta sa wa kanta takalmin maci ba. Ke kika tashe ta. Ke kika ɗaure mata igiyar takalmi. Na nuna miki jini kika ce haƙori ne, na nuna miki shatar hannunki kika ce datti ne. Ɗanki ya rantse min da kabarin ubansa, ina juya baya ya ɗauke ta ya kai ta rana. Ta yi kukan son zuwa, gaskiya ne. Shekararta goma. Don haka ake da manya a gida. Ki ce Allah ya karɓe ta, na yarda. Amma kar ki ce kin hana ta, a gaban hotonta, a gabana."

Babu wanda ya motsa. Mai jan addu'a ta tsaya da littafi a buɗe.

Sai Doña Vige ta dafe ƙirji ta zame a kan kujera. "Wayyo zuciyata. Rigo! Numfashina."

Kafin in ƙifta ido Rigo ya tsallake benci. Ya sungumi uwarsa kamar jaririya, yana ihu a ba shi hanya. Bai taɓa goshinta ba. Bai ce mu ga gobe ba. Bai tuna layin asibiti ba, bai tuna fasinja ba, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon babur ɗin yana tsalle a cikin ramukan layinmu har ya sha kwana.

Suka dawo mutane ba su gama watsewa ba. An auna ta ko'ina, an ce lafiyarta ƙalau, ta dai huta. Ya kwantar da ita, ya ja mata bargo, ya kunna mata fanka. Sannan ya same ni a ɗakin baya ina tura kayana a buhu.

"Ondi, kin ga abin da kika jawo? Tsohuwa ce fa. Da ta mutu fa? Je ki ba ta haƙuri, magana ta wuce."

Na ɗaure bakin buhun. Na shiga falo na ɗauki hoton 'yata daga tsakiyar kyandirori.

"Rigo, ashe babur ɗinka ya san hanyar asibiti."

Na raɓa ta gefensa na fita, da ƙafa na tafi tashar bas.